Wa Ya Aiki Bazazzagi Shan Tabar Kuba?

Malam Bazazzagi, bawan Kanawa na gado, gaisuwa irin ta ubangida da baransa. Ya jiki? Ina tambaya ne don labari ya iso Kano tun hayaƙin bai gama washewa daga tsakar gidanka ba. Ka san mu, ba a yin abu a Zariya da azahar a kai la'asar ba mu ji ba, don direbobin da ke lodi a Kwangila ba fasinja kaɗai suke kawo mana ba. An ce ka samo tabar Kuba, irin zungureriyar nan ta ganye zalla da ake naɗewa da hannu, ka kuma rasa wadda za ka fara da ita sai Partagás Serie D No. 4, mai jan ɗamara, wadda tsofaffin mashaya ma sai sun ci sun ƙoshi suke tunkarar ta. An ce ka karya hula, ka harɗe a kujerar roba, ka sa autanka ya ɗauke ka hoto, ka liƙa a Facebook. Hoton na gani. Abin da ya biyo bayan hoton ne ba ka liƙa ba, shi ya sa na ga ya zama wajibi in taimaka maka in buga shi a jarida.

Ga yadda mai ba ni labari ya tsara shi, kuma mutum ne da ba ya ƙari sai dai ragi. Ka juya karan nan ka ga kansa a rufe, babu ƙofar zuƙa, sai ka kafa masa haƙori ka gutsure kusan rabin inci, ganyen waje ya fara warwarewa a hannunka, ka shiga liƙe shi da yawu. Aka nemi ashana aka rasa, ka duƙa ka kunna a wutar risho, gefe ɗaya ya kama, ɗaya gefen ya ƙi. Daga nan ka yi abin da ka saba tun kana saurayi a bayan silima: ka zuƙa har ƙirji, ka riƙe, ka sake zuƙa, babu hutu. Duk wannan da cikin da bai ga komai ba tun kokon safe. Kafin tokar ta kai tsawon gaɓar yatsa ka cire hula. Can ka cire babbar riga. Ana tsakiyar hunturu, mutane na neman gindin murhu, kai kana gumi kashirɓan, har ka ce wa yaro ya dafa maka katanga ta daina juyawa. Uwargida ta fito da ludayi a hannu tana salati, maƙwabta suka leƙo, wani ya fara tofi, wani ya ce a nemo hayaƙin aljanu, wata tsohuwa ta ce hayaƙi kam ai shi ya tara mu a nan. Da bakinka ya buɗe, kana rub da ciki a tabarma, sai aka ji ka ce, "Tabar nan ba mai kyau ba ne."

Mai kyau ce, Malam, kai ne ka shige ta ba sallama. Taba ta bambanta da garin gero, in ji Hausawa, to ita ma tabar suna ta tara. Amma ban ga laifinka sosai ba, tarbiyya ce. Tun ƙarshen shekarun 1950 aka kafa muku kamfanin taba a Zariya, kuka tashi kuna ganin inji na aman sigari kwali-kwali, a sayi kara ɗaya a teburin mai shayi, a zuƙe shi a tsaye cikin minti biyar, a take guntun da takalmi a koma ofis. Sai kuka ɗauka duk abin da ake kunna wa wuta a baki haka ake gamawa da shi. To karan sigari ganyen da ke cikinsa bai cika giram 1 ba. Wannan da ka tunkara tsawonta milimita 124, kaurinta ya kusa milimita 20, ganyen da aka cusa mata ya haura giram 10, babu takarda, babu audugar tacewa a gindi. Ka ga ke nan abin da ya fi rabin kwali ka so ka shanye a zama ɗaya, da yunwa.

Sannan ba a kai hayaƙinta huhu. Ganyen da ya fi yawa a sigari da zafin wuta ake busar da shi cikin 'yan kwanaki, hayaƙinsa mai tsami-tsami ne, nikotin ɗinsa ba ya shiga jiki sosai sai an kai shi ƙirji. Na wannan kuwa iska ce ta busar da shi, aka kuma ruɓar da shi, don haka hayaƙin ya karkata ɓangaren kanwa, nikotin ɗin yana ratsa fatar baki kai tsaye. Kakanninmu masu taba gari sun san wannan tun ba a aza tubalin jami'ar da kuke yi mana taƙama da ita ba, shi ya sa suke haɗa garin da kanwa kafin su tura shi tsakanin leɓe da dasashi. Kai sai ka buɗe ƙofa biyu, ta baki da ta huhu, ka dawo kana zargin katanga.

Tunda ku 'yan boko ne, ba kwa karɓar magana sai an yi muku darasi, gyara zama. A yammacin Kuba akwai lardin Pinar del Río, a cikinsa akwai yankin da ake kira Vuelta Abajo, wajen garuruwan San Luis da San Juan y Martínez. Nan ce ƙasar da masu abin suka yarda babu irinta. Shukar taba ɗaya takan yi ganye 16 zuwa 18, kuma ba a girbe su rana ɗaya. Daga ƙasa ake farawa, biyu-biyu ko uku-uku, a ba da kwanaki a dawo. Na ƙasa, bolado, ba shi da wani ƙarfi, amfaninsa ya riƙe wuta. Na tsakiya, seko, shi ne mai ƙamshi. Na can sama, lihero, shi ya fi daɗewa a jikin shuka yana shan rana, ya yi kauri, ya yi duhu, ya tara mai da nikotin. Duk tabar da ka ji an ce tana da ƙarfi, shi aka yawaita mata. Da yake ba ya son cin wuta, a tsakiyar naɗi ake sa shi, sauran su kewaye shi, shi ya sa in toka ta faɗi za ka ga garwashin ya yi tsini a tsakiya. A kan wannan ciko ake naɗa ganye na biyu ya ɗaure shi, sannan a kawo mayafi, lallausan ganyen da aka noma a ƙarƙashin rumfar yadi don kada rana ta sa shi kaushi. Wannan mayafin, da ya fi kowane ganye tsada a gonar, shi ne ka yaga da haƙori.

Bayan girbi a ɗinke ganyen biyu-biyu, a rataye a kan sanduna cikin dogayen ɗakunan shanya na katako, ya yi wajen kwana 50 yana rikiɗa daga kore zuwa rawaya zuwa ruwan ƙasa. Irin ɗakunan nan ne guguwar Ian ta rushe da dubbai a watan Satumba na 2022. Sai a tara ganyen tsibi-tsibi a rufe. Abin da ke faruwa a tsibin nan, je ka tambayi mai daddawa: yadda take dafa kalwa ta lulluɓe ta har ta ɗau zafi da kanta, ta yi warin da ke korar maƙwabta, daga baya ta zama abin da miya ba ta daɗi sai da shi, haka ganyen taba ke ɗaukar zafi yana fitar da warin amoniya mai sa hawaye. Ana sa ido a kan zafin, in ya yi yawa a rushe tsibin, na ciki ya koma waje, a sake ginawa. A cire jijiyar ganyen, a sake rufewa karo na biyu. Daga nan a ɗaure shi dami-dami a kai sito, kuma lihero ba ya fitowa sai ya shekara biyu, wani ya fi. Sannan ya isa hannun mai naɗi, da allonsa na katako, da wata 'yar wuƙa mai faɗi marar ƙota, da ɗan ƙaro marar ɗanɗano na liƙe kai. Gidan da ya naɗa taka, wani mutumin Kataloniya mai suna Jaime Partagás ne ya kafa shi a Habana a 1845, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Wannan jiran na shekaru shi ne abin da ka biya kuɗinsa. Kai kuma ka ba shi minti goma.

Kada ka ce ina Bakano ya san wannan. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, ko da rimin na Zariya ne. A zamanin da likita bai sa mini ido ba, na zauna da wani tsohon Bakwara mai sayar da yadi a Kantin Kwari, wanda ba ya taɓa karansa sai an rufe kanti, an ƙirga ciniki, ya ci abinci mai nauyi. Sai ya ɗauko shi ya ɗan matsa da yatsu biyu tun daga kai har gindi, yana neman inda ya yi tauri ko inda ya yi rami. Ya sunsuna. Ya ɗauko wani ɗan almakashi mai ƙofa a tsakiya, ya yanke ƙarshen hular kawai, abin da bai wuce milimita 2 ko 3 ba, ya bar kafaɗar don ita ke riƙe da mayafin. Ya zuƙa ba wuta ya ji ko iska na wucewa. Sannan ya ƙyasta doguwar ashana, ya jira kan ashanar ya cinye don kada warin ƙyastun ya shiga ganye. Ba ya cusa taba a wuta. Sama da harshen wutar yake riƙe ta, yana juyawa a hankali har gefen ya yi baƙi ya fara ja, ya hura ya duba ko da'irar ta cika, sannan ya kai baki. Zuƙa ɗaya ya cika kunci, ya bar hayaƙin ya zagaya harshe da ganɗa, ya sake shi, ɗan ragowar ya fitar ta hanci. Sai ya ajiye hannu a gwiwa, ya kurɓi baƙin gahawa mai sukari a ɗan ƙaramin kofi, ya yi zance, ya yi shiru, sai wajen minti guda ya sake waiwayar ta. Toka ba ya karkaɗe ta, sai ta yi tsawo ya jingina ta a faranti ta sauka da kanta. In wuta ta mutu ba ya fushi, ya goge bakin ya sake kunnawa. In saura faɗin yatsu biyu ko uku ya kwantar da ita ya tashi. Ba a murje ta. In ka murje, gidan ya kwana da ƙauri.

A irin wannan zaman ne take ba ka abin da ke cikinta, kuma ba ta bayarwa lokaci ɗaya. Farkonta yaji ne, masoro a can bayan hanci, har ido ya ɗan kawo ruwa. In ka yi haƙuri inci ɗaya ya wuce, yajin ya ja baya, sai ƙamshin ƙasa da ta sha yayyafin farko ya taso, da na jemammiyar fata, da na itacen akwatin da ta kwana a ciki. Hayaƙin na da kauri, kana jin nauyinsa a harshe, in ka sake shi ba ya gudu, tsayawa yake a gabanka. Tsakiyarta ita ce wurin daɗin, nan ɗacin gahawa ke haɗuwa da wani zaƙi-zaƙi da ba za ka iya nuna inda ya fito ba, kafaɗunka su sauka, maganar da kake yi da ƙarfi ta koma a hankali. Ƙarshenta kuma ta murtuke, mai ya taru, zafi ya matso kusa da leɓe, nikotin ya fara taɓa ciki. Wanda ya san kansa nan yake yi mata sallama. Sa'a guda ke nan ko fiye, mutum bai tashi ba, bai duba waya ba.

Ku ne fa kuke yi mana gori, wai Bakano bai iya zama ba, ko a makoki yana lissafin riba. Ga shi an ba Bazazzagi abin da babu abin da yake nema sai zama, ya kasa.

Ka ma gode wa Allah da ka tsaya a Kuba. Mai labari ya ce ka zaɓe ta ne don ka ga ta yi duhu, wai duhu shi ne ƙarfi. Ba haka ba ne. Duhun mayafi daga tsawon ruɓarwa yake zuwa, sau da yawa ma zaƙi yake ƙarawa. Ƙarfin na cikin ciko, inda ido ba ya gani. Kuma cika baki daban, bugun kai daban: akwai wadda hayaƙinta zai cika maka baki ta bar ka da hankalinka, akwai siririya marar fasali da za ta zaunar da ƙato. Bayan juyin juya halin 1959, gwamnatin Kuba ta karɓe masana'antun taba a 1960, manyan masu sana'ar suka watse da iri a aljihu, wasu Honduras, wasu Jamhuriyar Dominikan, wasu Nikaraguwa. A Estelí suka tarar da baƙar ƙasa mai tokar dutsen wuta, kuma lihero ɗin da take bayarwa ba ya wasa. Can ne aka kafa Joya de Nicaragua a 1968, masu yin wata da ake kira Antaño 1970. A Dominikan kuma akwai La Flor Dominicana Double Ligero, wadda aka ninka mata ganyen saman. Da ɗaya daga cikin waɗannan ka ci karo da ita da cikin koko, da ba a tabarma za a ba ni labarinka ba, sai dai a hanyar asibitin Shika.

Yanzu ina sauran? Na ji akwatin mai kara 10 ne, ka sha ɗaya, ko in ce ɗaya ta sha ka, ka ɗora tara a saman wardirob kusa da taga. Malam, ganyen nan ɗan tsibiri ne, a cikin laima aka haife shi. Masu shi sun ce a ajiye shi inda damshin iska yake kashi 65 zuwa 70 cikin 100, sanyi kuma digiri 16 zuwa 18, cikin akwati na musamman da aka shimfiɗe da katako mai riƙe damshi. Hunturunmu kuwa damshin iska kan faɗo ƙasa da kashi 20, lokacin da leɓe ke fashewa, faso ke tsaga dunduniya. Kwana kaɗan mayafin zai tsattsage, man da ke ɗauke da ƙamshin ya tafi, in ka kunna ta ci da sauri, ta yi zafi, ta yi ɗaci. In bazara ta shigo kuma ga wata fitinar, akwai ɗan ƙwaron taba da ke ƙyanƙyashewa in zafi ya yi yawa, ya huda kara ya shiga na kusa da shi, ka buɗe akwati ka tarar da ƙananan ramuka da gari. Na san abin da za ka ce, a sa a firij. Firij bushewa yake ƙara mata, ga warin kifi da albasa, ga wutar da ba ta zama.

Abin dariyar, da ka san hanya da ba sai ka tsallaka teku neman abin taƙama ba. Maƙwabtanmu na gabashin Kamaru, wajen Batouri, da na Afirka ta Tsakiya, suna noma wani ganyen mayafi da duniyar masu shan nan ke girmamawa. Irin Sumatra ne, siriri, mai ɗan ƙurji-ƙurji a jiki, mai zaƙi da ɗan yaji, kuma ba ya buƙatar rumfar yadi don gajimaren yankin ya ishe shi inuwa. Da Amurka ta rufe ƙofa ga ganyen Kuba, shi masu naɗi da yawa suka koma wa, har yau kuma shi ne a jikin Don Carlos da Hemingway na gidan Arturo Fuente. Irin wannan tabar ba ta kai taka faɗa ba. Da da irinta ka fara, da wataƙila hularka ba ta bar kanka ba.

An ce da ka farfaɗo ka fara kafa hujja da manya, wai ai Winston Cocil ma ya sha, ya kuma shekara 90. Gaskiya ne. Ya je Kuba a 1895 yana matashin soja, ya dawo da ɗabi'ar, har aka sa wa wani girman kara mai inci 7 sunansa. Amma tunda hoto ne ya kai ka, bari in ba ka labarin hoto. A 1941, a Ottawa, mai ɗaukar hoto Yousuf Karsh ya so Cocil ya ajiye tabarsa, ya ƙi, sai ya matso ya zare ta daga bakinsa, ya koma ya danna. Hoton nan na ɗaure fuska da duniya ta san shi da shi, fuskar mutumin da aka ƙwace wa taba ce. Naka kuwa fuskar mutumin da taba ke shirin ƙwace wa ƙafafu ce, in ka ƙura ido za ka ga gumin ya fara tsattsafowa a ƙasan hula. Ka kuma ambaci Fidel Kastro. Shi ne aka ƙirƙiro wa Cohiba a 1966, shi da baƙin da yake yi wa kyauta, ba a fara sayar wa kowa ba sai 1982. Abin da ba ka faɗa wa mutanen zaurenka ba shi ne a 1985 ya ajiye ta. Cikin manyan nan, ni wanda ya burge ni shi ne Kenedi na Amurka. A Fabrairun 1962, kafin ya sa hannu a takunkumin da ya hana shigo da kayan Kuba, sai da ya aiki sakataren yaɗa labaransa, Pierre Salinger, ya zagaya shaguna ya tattaro masa kara 1,200 na H. Upmann, sannan ya ɗauki alƙalami. A binciki asalin mutumin nan, ba zai rasa jinin Kanawa ba. Bazazzagi ne da sai ya rufe iyaka ya sa hannu ya buga hatimi, sannan ya tuna aljihunsa babu ko kara ɗaya.

Kuma in za ka ƙirga waɗanda suka sha suka tsufa, ka ƙirga da sauran. Ulysses Grant, janar ɗin da ya zama shugaban Amurka, kansar maƙogwaro ce ta kashe shi a 1885. Sigmund Freud, wanda ɗalibanku na Samaru ke haddace sunansa, an gano masa ita a baki a 1923, aka yi masa tiyata fiye da 30 kafin ya mutu a 1939, kuma bai iya rabuwa da tabar ba. Rashin kai hayaƙi huhu ba ya kare leɓe da harshe da maƙoshi, can ma take sauka. Shi ya sa da likita ya ɗaga mini yatsa ban tsaya gardama ba, Bakano ba ya ci gaba da cinikin da uwar kuɗi ke narkewa. Na kuma san halinku, yanzu za ka shiga ɗakin littattafai ka jawo mini Ahmad Baba na Tumbutu, ka ce ai tun farkon ƙarni na 17 ya halatta taba. To ya kafa hujjarsa ne a kan cewa ba ta gusar da hankali. Da Ahmad Baba ya ga mutum na roƙon yaro ya riƙe masa katanga, da ya sake duba fatawar. Sauran malaman da suka ce makaruhi ce, da waɗanda suka ce haramun ce, suna nan a unguwarku, ba sai na aiko maka da su daga Kano ba.

In dai dole sai ka raɓi sana'ar nan, na samo maka gurbin da ya dace da kai. Tun 1865 masana'antun taba na Habana ke ajiye mutum guda a kan dakali, aikinsa kawai ya yi ta karanta wa masu naɗi jarida da littattafai da babbar murya suna aiki. Daga irin wannan karatun ne aka ce Montecristo, da aka fito da ita a 1935, ta samo sunanta, don ma'aikata na son labarin nan na Alexandre Dumas mai ɗauke da sunan. Ka ga aiki: surutu daga safe har yamma, jama'a ba su da damar tashi su gudu, kuma a biya ka. Ban san Bazazzagin da zai ƙi wannan ba. Sai dai kada ka karɓi ladan da kara.

Saura magana ɗaya, ta kasuwa, wadda ita ce fannina. Tun da aka yi wa tabar Kuba ƙarin kuɗi a 2022, har Cohiba ta ninka biyu wata uku, 'yan jabu suka samu kasuwa, kuma irinku masu son hoto su ne abincinsu. Duk wanda ya nuna maka Cohiba a akwati mai murfin gilas, ka riƙe aljihunka. Taka kam na yarda ta gaske ce, shaidarta ita ce abin da ta yi maka, amma duk da haka ka duba mini ko akwai koren hatimin gwamnatin Kuba mai lamba a kusurwar akwatin, da tambarin masana'anta da watan da aka cika shi a ƙasansa, don mai saye zai tambaya. Eh, mai saye. Kuɗin sharar bana ba ka biya ba, na bara ma alkawari ka yi, don haka karan nan tara sun zama nawa. Ka sa su a leda mai zif, kada ka haɗa su da turaren uwargida, ka ba ƙanenka da ke zuwa sari Kwari ya taho da su kafin hunturu ya gama da su. Ba sha zan yi ba, ina da wani Alhaji a Abuja da ke biya ba ya neman ragi, kuɗin kara ɗaya zai ci da gidanka fate na kwanaki. Akwatin zan mayar maka, katakonsa mai kyau ne, ka riƙa zuba goro. Goron ma daushe, Malam. Namijin goro kada ka taɓa shi sai ka ci abinci, kuma a samu babba a kusa.